Yadda Ake Gwajin Fotosintesis da Numfashin Tsirrai Ba Tare da Ɗakin Gwaji Ba

Tun zangon karatun da ya wuce, da muka yi gwajin sitaci da 'yan aji biyu na babbar sakandare a gindin darbejiya, da risho ɗaya da tukunyar da na aro daga gida, tambaya ba ta yanke ba. Malamai 'yan'uwana daga Samaru da Tudun Wada da Wusasa a nan Zariya suna kira, ɗalibai masu shirin WAEC da NECO suna tare ni a hanya. Maganar guda ce: "Malam, makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji, ya za mu yi?" Abin yana damuna ƙwarai, don na sha ganin yaron da ya haddace lissafin fotosintesis kamar karatun allo, amma bai taɓa ganin ganye ya sauya launi a gaban idonsa ba. Gani ya kori ji.

Abu biyu muke son yaro ya gani. Na farko fotosintesis, wato koren ganye yana haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid, da taimakon hasken rana, ya samar da sukari da iskar oksijin, ya adana rarar sukarin a matsayin sitaci. Na biyu numfashi, wato duk mai rai, har da ƙwayar wake, yana ƙona wannan sukarin a cikin ƙwayoyin jikinsa dare da rana, ya fitar da kabon dayoksaid da ruwa da zafi. Sauran bayani yana cikin littafi. Ga aikin hannu.

1. Haɗa kaya

A kemis za ka sayi sipirit, irin farin nan da ake goge wurin allura da shi, da aidin mai ruwan ƙasa, wanda ke komawa kusan baƙi idan ya haɗu da sitaci, da auduga, da safar hannu. A kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru za ka samu yis, da balan-balan, da bekin soda, da farar leda mai nuna abin da ke ciki, da sodar haɗa sabulu. Sauran duk na gida ne: kwalaben Bama guda uku masu murfi, gwangwanin madara, farantin tangaran fari, tukunya, cokali mai yatsu, filas biyu na ruwan zafi, kyandir, ashana, basilin, wake rabin gwangwani.

Abu biyu ne kawai ke cin kuɗi: sipirit da ma'aunin zafi. Kwalbar sipirit mai mililita 100 takan ishi ganye biyar ko shida idan ba a yi ɓarna ba, shi ya sa nake kasa aji rukuni-rukuni, mutum shida su yi karo-karo su sayi ɗaya. Aidin kuwa ƙaramar kwalba tana kai shekara, tunda tsarma shi ake yi. Ma'aunin zafi a aro daga makarantar da ke da shi kafin a yi maganar saye.

Hattara: ma'aunin zafin asibiti ba zai yi wannan aiki ba. Daga digiri 35 zuwa 42 yake karantawa, kuma idan ya hau ba ya sauka sai an kaɗa shi. Dogon nan na ɗakin gwaji ake nema, mai kaiwa digiri 110.

2. Zaɓen shuka, da kwana biyu a duhu

A nan mafi yawan mutane suke faɗuwa tun kafin su kunna wuta. Ba kowane ganye ke yi ba. Ganyen mangwaro da na gwaiba suna da kauri, sai ka ƙarar da sipirit ɗinka launinsu bai fita ba. Ganyen albasa kuwa ba ya tara sitaci, sukarinsa yake ajiyewa ta wata siga daban, don haka ko ya wuni a rana aidin ba zai nuna komai ba. Nemi ganye mai laushi, mai faɗi, marar kauri. Na wake ya fi kowanne a wajena, sai na dankalin Hausa. Ka shuka wake a gwangwani ko tsohon bokiti mako uku kafin ranar gwaji, tukwane biyu ko uku.

Ɗauki shukar da tukunyarta ka saka a wuri mai duhu ƙirin har awa 48. Cikin kabad, ko ƙarƙashin babban kwali da aka lulluɓe da bargo. Ba ta ruwa kafin ka rufe. A cikin duhun nan shukar za ta cinye sitacin da ta tara, ta kwashe saura zuwa jijiya da kara.

Hattara: kada a riƙa ɗaga kwalin ana leƙawa. Kuma kafin ka fito da ita rana, tsinki ganye ɗaya ka bi da shi ta mataki na 4 da na 5. Idan ya yi baƙi, sitaci bai ƙare ba, mayar da ita ta ƙara kwana. Wanda ya tsallake wannan ba shi da hujjar cewa sitacin da ya gani daga baya na ranar ne.

3. Rufe rabin ganye, a kai rana

Yanki baƙar takarda mai kauri, faɗin yatsu biyu, ka naɗe tsakiyar ganye ɗaya da ita sama da ƙasa, ka maƙale da kilif. Ganyen yana jikin uwarsa, ba a tsinke shi ba. Yara suna jin daɗi idan aka huda harafin farko na sunansu a takardar ta sama, don harafin zai fito ɓaro-ɓaro a ƙarshe. Ajiye shukar a rana awa huɗu zuwa shida.

Lokaci yana da muhimmanci a garin nan. A watan Maris da Afrilu, ka fitar da ita da ƙarfe takwas na safe ka ɗauke kafin azahar, in ba haka ba shukar da ta kwana biyu a duhu sai ta yi yaushi, ƙofofin ganyenta su rufe, aiki ya tsaya. A watan Agusta da hadari ke wuni a sama, ko ranar da hazon hunturu ya rufe gari har ba a hango dutsen Kufena, bar ta ta wuni. Kafin ka cire takardar, zana hoton ganyen a littafi, ka nuna inda aka rufe.

4. Tafasawa da cire launi

Wannan shi ne matakin da ke da haɗari, don haka a bi shi a tsanake, babba yana tsaye.

Ɗora ruwa ya tafasa. Tsinko ganyen, cire takardar, jefa shi cikin tafasasshen ruwan na minti ɗaya. Wannan yana kashe ganyen, ya lalata tantanin ƙwayoyinsa yadda sipirit da aidin za su samu hanyar shiga. Tsamo shi da cokali mai yatsu.

Yanzu kashe wutar. Kashe ta gaba ɗaya, ka sauke tukunyar, ka kai ta nesa da risho ko kurfoti, taku biyar aƙalla. Sannan ne za ka buɗe kwalbar sipirit. Saka ganyen a gwangwanin madara, zuba sipirit har ya rufe shi, ka tsayar da gwangwanin a cikin ruwan zafin tukunyar. Sipirit yana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai 100, don haka zafin ruwan da aka sauke yanzu ya ishe shi. Za ka ga yana ɓararraka a hankali, yana komawa kore shar, ganyen yana kodewa. Minti goma zuwa sha biyar. Idan ruwan ya huce ganyen bai yi fari ba, ɗauke gwangwanin, sake tafasa ruwa a can nesa, ka kawo.

Hattara: kada a taɓa ɗora sipirit kai tsaye a kan wuta. A makarantar da na fara koyarwa, na juya baya ina duba wani rukuni, wata ɗaliba ta ga kamar abin yana jinkiri, ta ɗora gwangwanin a kan risho. Wutar sipirit shuɗiya ce marar kauri, da rana kusan ba a ganinta. Ba mu ankara ba sai da gefen hijabinta ya fara ƙauri. Allah ya kiyaye, akwai jiƙaƙƙen buhu a kusa. Tun daga ranar ba na fara wannan gwaji sai da bokitin yashi da jiƙaƙƙen buhu a gefena, kuma kowace yarinya sai ta tattare hijabinta ta ɗaure ta baya. Idan ta kama, a kife murfin tukunya a kai ko a rufe da buhun. Kada a hura, kada a ɗauki gwangwanin a gudu da shi.

Ganyen da ya fito daga sipirit yakan yi tauri kamar busasshiyar takarda, da ka taɓa shi sai ya karye. Tsoma shi cikin ruwan ɗumi na daƙiƙa kaɗan, zai yi laushi.

5. Ɗiga aidin

Tsarma aidin da ruwa har ya yi kalar shayin da ba madara. Shimfiɗa ganyen a farin faranti, ɗiga masa aidin ya jiƙe ko'ina, ka jira minti biyu zuwa uku. Inda rana ta taɓa zai koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi. Inda takarda ta rufe zai tsaya da ruwan ƙasa-ƙasa na aidin. In an huda harafi, ga shi nan kwance a tsakiyar ganye. A daidai nan ne ajin yakan yi tsit, sannan kowa ya ce a ba shi ya gani.

Kafin a ɗiga wa ganye, a fara ɗiga wa ɗan kullun koko ko ɓallin rogo, don yara su san kalar da suke nema, kai kuma ka tabbatar aidin ɗinka bai lalace ba.

Idan sakamako bai fito ba, ga inda nake fara dubawa. Ganye duka ya yi baƙi: ko duhun bai kai awa 48 ba, ko haske ya shiga ta gefen takarda. Ganye duka bai yi baƙi ba: rana ba ta isa ba, ko shukar ta yi ƙishi. Launi ya dagule ba a gane komai: koren bai gama fita ba aka yi gaggawar zuba aidin, ko aidin ɗin ya yi kauri har ya rufe komai. Na ƙarshen nan shi ya fi yawa.

Wanda ya samu ganye mai ratsin fari da kore, irin na furannin da ake sayarwa a bakin titi, ya bi da shi ta mataki na 4 da na 5 bayan ya sha rana. Wurin kore ne kaɗai zai yi baƙi, shaidar cewa sai da kulorofil, sinadarin da ke ba ganye launin kore, ake haɗa abinci. A zana ratsin tun ganyen yana ɗanye, don bayan sipirit duka fari zai koma.

6. Hana ganye kabon dayoksaid

Ɗauki tukunyar shuka ta biyu da ta kwana biyu a duhu. Zuba sodar sabulu rabin cokali a murfin kwalba, ka ɗiga mata ruwa kaɗan. Saka murfin a gindin farar leda, ka zura ganye ɗaya cikin ledar, ka ɗaure bakin a jikin reshe, ka toshe da basilin. Tallafe gindin ledar da bulo don kada ta karkace. Wani ganyen ka yi masa haka nan, amma da ruwa zalla a murfin. Soda tana shanye kabon dayoksaid da ke cikin ledar, wanda dama kashi 0.04 cikin ɗari ne kacal na iska. Bayan awa biyar a rana, gwada ganyen biyu. Mai soda ba zai yi baƙi ba, mai ruwa zai yi.

Hattara: sodar nan tana cin fata, tana makantarwa. Malami ne kaɗai zai taɓa ta, da safar hannu. Kada ta taɓa ganyen. In ta fallatsa a jiki, a yi ta kwarara ruwa, in ido ne a wanke a wuce asibiti.

7. Kama oksijin

Debo gansakuka, koriyar nan mai kama da zare da ke kwanciya a ruwa. Saka ta a farin bokiti mai ruwa, ka barbaɗa mata ɗan bekin soda, kamar kan cokali ɗaya. Yanke saman gorar ruwa ya zama mazurari, ka kife a kan gansakukar, ka cika siririyar kwalba da ruwa ka kife ta a bakin mazurarin ba tare da iska ta shiga ba. A rana za ka ga ƙananan kumfa suna hawa, a inuwa su ragu. Bayan wuni ɗaya ko biyu, kunna tsinken tsintsiya, ka hure shi ya bar garwashi, ka zura a kwalbar. Garwashin zai ƙara haske, wani lokaci ya kama.

Hattara: kada a tura yara kogin Kubanni ko na Galma neman gansakuka. Ban da haɗarin nutsewa, akwai tsargiya a irin waɗannan ruwaye. Ta bakin rijiya ko tankin ruwa ta wadatar.

8. Haɗa ruwan layim

Daga nan mun shiga numfashi. Ruwan layim ba shi da alaƙa da lemun tsami, ruwa ne garau da ke komawa fari kamar madara idan kabon dayoksaid ya shige shi. Ba sai ka saya ba. Je wurin masu walda da kabaid, ka roƙi farin tukar da suke zubarwa bayan sun gama aiki, wanda ya yi kwanaki ya bushe. Shi ne ainihin sinadarin. Zuba cokali ɗaya a ruwa lita ɗaya, girgiza, ka bar shi ya kwana. Da safe tsiyaye na saman a hankali, tace da auduga, ka rufe a gora gam. Idan ka bar shi a buɗe, iska za ta lalata shi, ka ga ya yi ɓawo a sama.

Gwada shi: zuba kaɗan a kofin gilas, wani yaro ya hura da tsinken shan lemo. Iskar da muke fitarwa tana ɗauke da kabon dayoksaid kusan kashi 4 cikin ɗari, don haka nan da nan zai yi fari. In aka ci gaba da hurawa zai sake washewa, wannan ba lalacewa ba ce, a dai tsaya da zarar ya yi fari.

Hattara: sabon kabaid mai kama da dutse ba shi ake nufi ba, shi da ya taɓa ruwa gas mai kama wuta yake fitarwa. Kuma hurawa ake yi, ba zuƙa ba.

9. Wake mai tsiro

Jiƙa wake ya kwana, tsane shi, shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, ka rufe har kwana biyu, sai ka ga farin tsiro ya leƙo. Da hunturu yakan kai kwana uku ko huɗu, sai a ajiye shi cikin ɗaki. Fara gwada ƙwaya goma tun mako guda kafin nan, don tsohon wake ko wanda ƙwari suka huda ba ya tsira. Irin shuka mai jan magani a jiki kuma kada a ba yara.

Raba shi biyu. Dafa rabi minti goma, ya huce. Ɗauraye kowane kashi a ruwan da aka ɗiga wa Hypo kaɗan, mai ran kuma ka sake ɗauraye shi da ruwa mai kyau. Zuba mai rai a kwalba ɗaya, dafaffe a ta biyu, ta uku ka bar ta ba wake. A cikin kowace ka tsayar da ƙaramar kwalba mai ruwan layim, ka shafa basilin a bakin murfi, ka rufe, ka ajiye a duhu. Washegari ruwan layim na wake mai rai ya yi fari, sauran biyun suna nan kusan yadda suke. Ɗaure guntun kyandir a waya, kunna, buɗe murfin mai rai a hankali ka zura: nan take zai mutu, don waken ya shanye oksijin. A kwalbar da ba wake zai ci gaba da ci na ɗan lokaci.

Hattara: wanda bai ɗauraye dafaffen wake da Hypo ba zai ga nasa ruwan layim ɗin ma ya yi fari. Ba waken ne ya yi numfashi ba, ƙwayoyin cuta ne suka fara ruɓar da shi, su ma numfashi suke yi.

10. Zafin da ke cikin filas

Da sauran waken, zuba mai rai a filas ɗaya, dafaffen da ya huce sarai a ɗaya. Soka ma'aunin zafi har kansa ya nutse cikin wake, ka toshe baki da auduga, ba da murfi ba, don iska ta riƙa shiga. Littattafai suna nuna filas ɗin a kife, kuma da dalili: kabon dayoksaid ya fi iska nauyi, a kife yake samun hanyar fita. Rubuta abin da ma'auni ya nuna safe da yamma har kwana uku. Mai rai zai hau da 'yan digiri, dafaffe zai tsaya tare da zafin ɗaki.

A nan nakan tsaya in tambayi 'ya'yan manoma, waɗanda su ne rabin ajina: wa ya taɓa zura hannu cikin buhun masarar da aka ɗinke ba ta gama bushewa ba? Hannaye sai su tashi. Ɗumin nan da gumin nan, wannan gwajin ne a babban buhu. Hatsi mai danshi yana numfashi da ƙarfi, fumfuna ta samu wurin zama, ita ma ta ƙara nata zafin. Haka buhun PICS mai leda biyu a ciki da ake adana wake: ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan oksijin da ya rage, su mutu ba tare da an zuba magani ba. Yaron da ya ga kyandir ya mutu a kwalba ba ya buƙatar a sake yi masa bayanin dalilin da ya sa ake ɗaure kowace leda daban.

11. Numfashi ba oksijin

Wannan shi ne mafi sauƙi. Zuba ruwan ɗumi rabin gora, cokali biyu na sukari, cokali ɗaya na yis, girgiza, ka ɗaura balan-balan a baki. Gora ta biyu ka yi mata haka ba sukari. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya balan-balan na farko zai miƙe. Matse wuyansa, cire, ka saki iskar cikin ruwan layim ta tsinken shan lemo, zai yi fari. Abin da ke tayar da kullun waina da burodi ke nan. Ta wannan hanya yis yana samun ATP, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙarfi a cikin ƙwayoyin jiki, guda 2 kacal daga ƙwayar sukari ɗaya, alhali da oksijin ana samun 30 ko fiye, saura yana nan maƙale cikin barasar da ya fitar, wadda za a ji warinta a bakin gorar. A zubar da ruwan da zarar an gama.

Hattara: ruwan ya zama mai ɗumin da za a yi wa jariri wanka. Wanda ya yi zafi sosai kashe yis yake yi.

12. Tsara mako, da rubutawa

Kada a ce za a yi duka rana ɗaya. Ni Asabar nake saka shuka a duhu, in haɗa ruwan layim, in jiƙa wake. Litinin da safe a rufe ganye a kai rana, bayan tara a kafa gwajin gansakuka, da azahar a yi sipirit da aidin. Talata a rufe kwalaben wake da filas, a yi na yis. Laraba a duba ruwan layim da kyandir, a yi na soda da tukunya ta biyu. Karatun filas ya ci gaba har Juma'a.

Kowane gwaji a rubuta shi da kanun da masu jarrabawa suke nema: manufa, kayan aiki, yadda aka yi, abin da aka gani, abin da aka fahimta. Wurin da ɗalibai suke zubar da maki shi ne cakuɗa biyun ƙarshe. "Ganye ya koma shuɗi mai duhu" abin da aka gani ne. "Akwai sitaci, don haka an haɗa abinci" abin da aka fahimta ne. Sannan a ambaci abokin kwatance a kowane gwaji, wato ganyen da ke da ruwa zalla, dafaffen wake, gorar da ba sukari, a faɗi abu ɗaya tak da ya bambanta shi da ɗan'uwansa.

Koren sipirit ɗin da ya rage kada a zubar. A juye shi a kwalbar gilas, a shiga da shi ɗaki mai duhu, a haska shi da tocila mai ƙarfi daga gefe. Za a ga ja-ja yana fitowa daga cikin koren, hasken da kulorofil ya kama ne yake mayarwa tunda ba ganyen da zai karɓa. Bayan nan a rufe kwalbar, a rubuta "guba" a jikinta, a kulle ta tare da sodar inda ƙananan yara ba sa kaiwa.